Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa da Mai Ciwon Zuciya



A 1975 Dokta John Hampton da abokan aikinsa a Ingila suka nuna cewa cikin marasa lafiya 80, an gano cutar 66 daga bayani kaɗai, tun kafin a duba jikinsu. Tun 1966 kuwa Dokta Warner Slack ya sa na'ura mai ƙwaƙwalwa yi wa marasa lafiya tambayoyi a Jami'ar Wisconsin ta Amurka.

Ga mai ciwon ƙirji, na'ura ba ta gajiya, ba ta mantuwa: zafin yana sauka hannun hagu? Yakan taso in an hau tudu? Akwai hawan jini ko shan taba? Amma ba ta ganin zufar goshi, ba ta jin rawar murya. Saboda haka ra'ayinmu shi ne na'ura ta tattara bayani, likita ya yanke hukunci, domin rai ne a hannunsa.