Baƙon Zango, Shi Ma An Mallake Shi?

Ya ku 'yan'uwa talakawa, da ku 'yan kasuwa maza da mata, mun gode da kuka bar rumfunanku kuka zo. Laccarmu ta yau a kan tambaya guda take: mutumin da ya tashi da ƙafarsa ya shiga ƙasar da Bature ke mulki, shin shi ma an mallake shi, ko kuwa a'a? Kada ku ce wannan gardamar 'yan boko ce. Amsar da aka ba ta ta taɓa raba mutane da gidajensu da jarinsu. Za mu ɗauki misali da 'yan'uwanmu mazauna zango a ƙasar Gana, wadda Turawa suka kira Gwal Kos.

Da fari dai, ba Bature ya nuna mana hanyar Gwanja ba. Tun kafin ya zo fatake ke tashi daga Kano da Katsina da jakunansu, su kai kanwa da tufafi da fatu kasuwar Salaga, su sayo goron Asante. A 1874 Ingilishi suka ƙone Kumasi. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, mutanenta suka bazu garuruwa irin su Karaci da Kintampo. Cikinsu akwai Alhaji Umaru, malami haifaffen Kano, wanda ya zauna Karaci. Jamus ta mulke shi a can, bayan 1914 Ingilishi suka karɓa, a ƙarƙashinsu ya rasu a 1934. To, wa zai ce ba a mallaki wannan malami ba, don kawai cibiyarsa a Kano aka binne ta?

Sai waɗanda suka zo daga baya, watau bayan tuta ta kafu. Ingilishi sun haɗiye ƙasar Asante a 1901, suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Saboda haka wanda ya bar Kano a 1920 ya nufi Kumasi, tutar da ya bari ita ya tarar, fam da sulen da ya bari su ya tarar. Me ya tashe shi? Haraji da kuɗi ake biya, kuɗin kuwa suna gonakin koko da ramukan zinariya na Obuwasi da Tarkwa. Na ƙasar Faransi kuma, Zabarmawa da Mosawa da Hausawan Maraɗi da Tawa, da yawansu aikin tilas suka gudo wa, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Amma wani zai tashi ya ce, "Ai baƙo shi ya kawo kansa. Ba ƙasarsa aka ci ba, ba sarkinsa aka tuɓe ba. Riba ya zo nema, ya kuwa samu." Wannan magana da ƙamshin gaskiya a cikinta, ba za mu yi musu ba. Sarkin Asante, Prempeh, shi aka kama a 1896 aka fitar da shi daga ƙasarsa, ba Sarkin Zango ba. Wannan ciwo na 'yan ƙasa ne, kada mu raina shi. Wasu 'yan zango kuma lalle sun yi arziki.

Sai dai mu a wurinmu ba ranar zuwa ake dubawa ba, iko ake dubawa. Ku 'yan kasuwa kun san mudu. Ga mudun da za mu auna da shi, tambayoyi uku ne. Wa ya yi dokar da kake bi? Wa ke yanka wa guminka farashi? In mai mulki ya cuce ka, kana da hanyar sauke shi?

Mu auna ɗan zango. Doka Gwamna ke sa mata hannu, shi kuwa daga Landan aka aiko shi. Farashi fa? A 1937 manyan kamfanonin Turawa suka haɗa baki a kan sayen koko, har manoma suka ƙi sayarwa wata da watanni. Leburan da ya zo daga arewa yana aikin gona a ba shi kashi ɗaya cikin uku, faɗuwar farashin nan ba ta tambaye shi garinsu ba. Sauke mai mulki kuwa, ba wanda ya iya, baƙo ko ɗan gari. Babban zaɓe na farko ma sai a 1951 aka yi shi. Mudu uku, duka ɗan zango ya fito babu kome.

Yanzu mu auna Bature, gama shi ma ai baƙo ne, teku ya ƙetaro. Ƙasarsa ta yi dokar, kamfaninsa ya yanka farashi, unguwarsa dabam, asibitinsa dabam. Kun ga ashe baƙi iri biyu ne: akwai wanda ya zo da tuta a bayansa, akwai wanda ya zo da kaya a kansa. Na farko mai mallaka ne, na biyu abin mallaka. Wanda ya zuba su a buhu ɗaya don duka baƙi ne, ya yi awon zalunci.

Akwai wata magana mai ɗaci, ba za mu ɓoye ta ba. A 1863 Kyaftin Glover ya kafa runduna a Ikko wadda aka kira ta Hausawa, da yawa cikinsu bayi ne da suka gudu. Da irinsu aka yaƙi Asante a 1873 zuwa 1874, wasunsu kuma a can suka zauna. Ba mu wanke su ba. Kowa ya ɗana bindiga alhaki na kansa. Amma sandar da aka doke ka da ita ba ita ta saro kanta daga daji ba. Sojan nan bai zaɓi yaƙin ba, ƙasar da aka ci kuma ba shi aka ba ba. In ya tuɓe kaki, zango yake komawa, dokar da ke kan kowa ta hau kansa.

Me ya sa muka damu? Domin ranar da Bature ya tafi, sai aka fara tambayar wa ya sha wuya, wa zai ci gado. Gana ta sami mulkin kai ran 6 ga Maris 1957. Shekarar ba ta ƙare ba aka koro Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, manyan zangon Kumasi kuma 'yan hamayya, zuwa Nijeriya. Sun kai ƙara cewa su 'yan ƙasa ne, majalisa ta yi doka musamman ta kashe shari'ar. Sa'an nan ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita. Dubun dubatan mutane suka karyar da kayansu suka hau manyan motoci, har da waɗanda a can aka haife su. Galibi su ko iyayensu sun shigo ne zamanin da ba mai tambayar takarda a hanya. A 1983 kuma gwamnatin Shagari ta kori baƙi daga Nijeriya, mutanen Gana kimanin miliyan ɗaya suka kama hanya. Kowane karo talaka ne ya kwana a bakin iyaka da tabarmarsa.

To, jama'a, ga amsarmu. Wanda ya zauna ƙarƙashin dokar da ba shi da baki a cikinta, an mallake shi, ko jiya ya zo ko kakansa ya sari garin. Wanda aka mallaka tare da kai kuwa, yana da rabo cikin 'yancin da aka samu. Wannan mudu ba na Kumasi kaɗai ba ne. In mun nemi a auna wa ɗan zango da shi, dole mu auna wa ɗan Sabon Gari da shi, gama kakansa ma jirgin ƙasa ya kawo shi Kano ƙarƙashin tutar nan guda. Kun fi kowa sani, ɗan kasuwar da ke saye da babban mudu ya sayar da ƙarami, kasuwa ba ta daɗewa ba ta gane shi ba.

Allah ya ba mu ikon riƙe gaskiya. Wassalam.