Takardun Tarihin Birni da Amanar Waƙafi

 



Kowace shekara mukan tsaya gabanku da lissafin abin da ya shigo da abin da aka raba. Bana mun ga dacewar mu ƙara da magana a kan takardu, domin filin waƙafi ba ya salwanta dare ɗaya. Shaidu ne ke rasuwa ɗaya bayan ɗaya, har ranar da magada za su zo da mai awon fili, a nemi wanda zai nuna iyaka a rasa. A ranar ce kwamiti ke shiga neman tarihi, ko ya shirya ko bai shirya ba.

Mai binciken tarihin Kano yakan fara da littafin tarihin sarakunanta, wanda aka rubuta da Larabci, ya ɗauko tun daga Barbushe da Dutsen Dala har zuwa Sarki Muhammadu Bello. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, Hausarsa kuma tana cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Amma ko shi ba a dogara da shi shi kaɗai: ya ce Wangarawa sun iso a zamanin Sarki Yaji, alhali Aslul Wangariyyin, wanda aka rubuta wajen 1650, ya kai zuwansu zamanin Muhammadu Rumfa. Sai an jera su a gwada. Ga kuma Taƙyidul Akhbar na Alƙali Muhammadu Zangi a kan jihadi, da abin da Barth ya rubuta bayan zuwansa a 1851.

Dukkan waɗannan labarin sarauta ne da yaƙi da fatauci. Ba za su faɗa muku wace baiwar Allah ce ta ba da kangon da aka gina makarantar allo ta unguwarku ba. Wannan sai a ƙananan takardu: rajistar alƙalai, takardun rabon gado, shaidar cinikin gida, wasiƙun masu unguwanni, da abin da malamai kan rubuta a gefen littattafansu. Rajistar majalisar shari'a ta Sarki Abbas ta 1913 da 1914 ta wanzu har yau, kuma a cikinta akwai ƙararrakin gidaje da gonaki da gado, da sunayen talakawan da babu su a tarihin sarakuna. A ganinmu, ga mai kula da waƙafi, shafi ɗaya na irin wannan rajista ya fi babi guda na labarin yaƙi amfani. Mai nema ya nufi Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a nan Kano.

Sai dai mafi yawan abin da ya shafe mu bai taɓa isa waɗannan wurare ba. Yana cikin adakar gidan liman, ko gafakar wani malami da ya rasu, gara da damina suna cinsa. Alhali rubutawa ba baƙon abu ba ne a addininmu: ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi, kuma Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya sa an rubuta sharuɗɗan waƙafinsa.

Roƙonmu ga kowane kwamiti shi ne, kafin rahoton baɗi, ya zauna da dattawan unguwa ya rubuta wanda ya ba da filin masallaci, da shekarar, da iyakokinsa huɗu, da sharaɗin mai bayarwa, shaidu su sa hannu. Tsohuwar takarda kuwa, ko ta Larabci ko ta ajami, kada a liƙe ta da gam, kada a rufe ta cikin leda mai zafi. A ɗauki hotonta a kawo wa sakatariya, asalin ya zauna a hannun masu shi.

Allah ya karɓi sadakar waɗanda suka riga mu.