Jawabi A Kan Zaɓen Keke Don Motsa Jini



Maganar da na zo muku da ita yau maganar keke ce. Keken titi nake nufi, watau mai siraran tayoyi da lanƙwasasshen kai, wanda a kan hau don motsa jini.

Ga abin da ya kawo maganar. Kakanninmu da ƙafa su kan je gona, da ƙafa su kan ci kasuwa. Mu kuwa yau da yawammu daga gida sai kan babur, daga babur sai kan kujera. Irin wannan zama yana cikin abubuwan da ke jawo hawan jini da ciwon sukari. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi, ta ce baligi ya motsa jikinsa minti 150 zuwa 300 kowane mako. Watau ko da rabin sa'a ne, kwana biyar cikin bakwai. Keke yana biyan wannan bukata, ba ya kuwa wahal da gwiwa kamar gudu.

To, amma fa kuɗin keke ba kuɗin goro ba ne. Mutum ya yi wata da watanni yana tari, in ya zaɓi wanda bai dace da shi ba, sai ya hau sau uku, bayansa ya ƙage, ya jingine shi a zaure. Ga hasarar kuɗi, ga lafiya ba ta samu ba. Saboda haka ku riƙe abu huɗu.

Na fari, awo. Keke kamar takalmi ne, kowa da nasa. A kan auna firam da santimita. Mai tsawon santimita 170 zuwa 175, galibi firam mai lamba 54 ko kusa da haka ya kan yi masa daidai. Amma kada ka dogara ga lamba kaɗai. Ka tsaya bisa keken, ƙafafu biyu a ƙasa, ka ga sandar sama ba ta tokare ka ba. Sa'an nan ka zauna bisa sirdi, ka ɗora diddige a kan feda sa'ad da ta sauka ƙasa sarai. In ƙafarka ta miƙe sosai, tsawon sirdi ya yi. In kuwa sai ka yi miƙa kafin ka kamo birki, keken ya yi maka girma, ko da kyauta ne.

Na biyu, abin da aka ƙera shi da shi. Akwai na ƙarfe, akwai na alminiyam, akwai na kabon. Na kabon shi ne na 'yan tsere. Ba shi da nauyi, amma tsada gare shi, in kuwa ya tsage mai walda ba shi da dabara a kansa. Na alminiyam nauyinsa wajen kilo 10 ne, ba ya tsatsa, kuɗinsa da dama. Na ƙarfe ya ɗan fi nauyi, amma yana jimiri, yana kuma gyaruwa. Sabon mahayi, ɗaya daga cikin biyun nan ya ishe shi.

Na uku, taya da giya. Hanyoyinmu ba duka ke da santsi ba. Ka nemi taya mai faɗin milimita 28 ko 32, za ka ga lambar a rubuce a gefenta. Ta fi siririya daɗin zama, ta fi ta kuma jure rami. Game da giya kuwa, za ku riƙa ganin sunan Shimano, wani kamfani na ƙasar Japan da aka kafa a 1921. Cikin kayansa da ke bisa kekunan kasuwa akwai Claris mai giya 8 a baya, da Sora mai 9. Dillali zai ce maka mai 11 ko 12 ya fi. Gaskiya ne ya fi, amma ga ɗan tsere. Kai da ke neman gumi, 8 ta ishe ka, sarƙarta kuma ta fi araha. Kafin ka biya, je ka tambayi mai gyaran keke na unguwarku ko ana samun taya da tif na wannan keke a garinku. Ka duba bawul kuma, gama na keken titi sau da yawa siriri ne, ba kowane famfo ke kama shi ba.

Na huɗu, in na hannu za ka saya, babu laifi, amma kada fenti ya ruɗe ka. Tafi da mai gyara. Ku duba inda aka haɗa sandunan firam, ko da tsaga. Ku ɗaga keken ku juya ƙafa, ku ga ko tana rawa. Ku matsa birki, ku sauya giya ɗaya bayan ɗaya. In haƙoran giya sun yi tsini, sun cinye ke nan. Ka nemi rasit da shaida, kada ka sayi kayan sata ka kwana wurin 'yan sanda.

Saura abu guda. Kada ka zuba kuɗinka duka a kan keke. Kasa su kashi biyar, huɗu na keke, ɗaya na hular kwano da fitila da famfo da kayan faci. Kai guda Allah ya ba ka, ba a sayad da wani a kasuwa.

In ka sayo, fara da minti 20 da sassafe, kafin rana ta yi zafi, da goran ruwanka. Kowane mako ka ƙara kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya manyanta, ko mai ciwon zuciya, ya fara ganin likita tukuna.

Wannan shi ne iyakar jawabina. Keken da ya fi kyau shi ne wanda za ka hau gobe, ka kuma hau jibi. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.