Kiɗan da ke Danne Muryar Malami



A shekarar 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, na riƙa naɗar darasin lissafi a waya ina tura wa iyayen ɗalibaina na nan Gwadangaji ta WhatsApp. Don darasin ya yi armashi sai na shimfiɗa kiɗa mai taushi a ƙarƙashin muryata, irin yadda nake ji a rediyo, har ina yaba wa kaina.

Wata rana mahaifiyar wata yarinya 'yar aji huɗu, wadda sanƙarau ya rage wa ji, ta tare ni a hanya. Ta ce, "Malam, kiɗan take ji, maganarka ba ta kai mata." Sun ƙure ƙarar wayar, amma kiɗan da muryar tare suke tashi, domin a haɗe na naɗe su. Makonni uku na darasi suka wuce ta, kuma laifina ne.

Duk da haka, ban ce a kori kowane sauti ba. Akwai yaron da injin niƙa ke gunji a jikin katangar gidansu. Irinsa, sautin ruwan sama a kunne kan taimaka masa ya tattara hankali. Kamfanin Apple ma ya saka sautin ruwan sama da na teku a wayoyinsa a 2021, tare da maɓallin rage shi daban. Abin da ke natsar da wani yaro shi ke toshe kunnen wani, don haka maɓallin ya kamata ya zauna a hannun mai saurare.

Ƙa'idojin da ƙungiyar W3C ta fitar a 2008 sun tanadi cewa duk sautin da ya tashi da kansa ya wuce daƙiƙa 3, a ba mutum hanyar tsayar da shi ko rage shi. Matakinsu mafi tsauri ya nemi sautin baya ya yi ƙasa da magana da desibel 20, wato kusan ninki huɗu a kunne.

Roƙona ga reshe, duk manhajar karatu da za a kawo ajujuwanmu, mu gwada ta kafin mu karɓa: ana iya kashe kiɗanta a bar murya? Ni dai na sake naɗar darussan nan ba kiɗa, da asuba, kafin babura su fito.