Hawan Dutsen Shere Cikin Yini Guda: Lacca Ga Hakimai Da Malamansu



Ƙasar Makoɗa shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, gona na bin gona, ƙauye na hangen ƙauye. Saurayin da ya tashi a nan, in ya hau Dala ko Gwauron Dutse ran da ya shiga birni, to, ya yi hawan da zai daɗe yana ba da labari. Saboda haka in takarda ta zo ana neman samarin da za su tafi horon dutse a Jos, lalle ne Hakimi da Malaminsa su san abin da 'ya'yan mutane za su tarar can.

Asalin wannan horo a Man O' War Bay ne, bakin teku kusa da garin da yanzu ake kira Limbe, inda wani Bature, Alec Dickson, ya kafa shi cikin 1951. Samarin Arewa, har da ma'aikatan En'e, sun je can sun hau Dutsen Kamaru, wanda tsayinsa ya ɗara ƙafa 13,000. Da wannan yanki ya koma ƙasar Kamaru cikin 1961 horon ya dawo Nijeriya, makarantar dutse kuwa yau tana Shere, gabas da Jos.

Shere bai kai Dutsen Kamaru ba, amma ba abin rainawa ba ne. Birnin Kano yana bisa teku da kimanin ƙafa 1,500, Jos 4,000, ƙwanƙolin Shere kuwa 6,000, watau mita 1,829. Ke nan mutum zai ɗaga jikinsa da kayansa sama wajen ƙafa 2,000, ya kuma sauko da su, duk tsakanin asuba da magariba, a kan duwatsu masu tsini da hanyar da ko jaki sai ya yi tunani. Kowace ƙafa 1,000 da aka hau zafi yakan ragu da kimanin digiri 2. Wanda ya baro gida yana fifita da hula, a can sama haƙoransa za su yi ta kaɗawa, musamman in gumi ya jiƙa masa riga iska kuma ta taso.

To, wa za a zaɓa? Ƙarfin riƙe garma daban, ƙarfin hawa daban, gama noma a kafaɗa yake, hawa kuwa a gwiwa da numfashi. Kada a sa sunan yaro don ubansa na da faɗa a ƙofar Hakimi, wannan ba gata ba ne. Mai asma, da mai ciwon zuciya, da mai amosanin jini, sai likita ya duba su ya yarda tukuna, Malam ya ajiye takardar likitan cikin fayil.

Lokacin da ya dace shi ne bayan kaka, sa'ad da gero da dawa suka shiga rumbu. Daminar Jos ta fi ta Kano tsawo, tun daga Afrilu har Oktoba, dutse yakan yi santsi, hazo ya rufe hanya, ga tsawa da yamma. Kowa ya riƙe ruwa isasshe, da dabino ko ƙuli-ƙuli, da rigar sanyi, da takalmin da ƙafa ta riga ta saba da shi. Jagora kuwa ɗan ƙasa ya fi, daga Afizere, waɗanda Hausawa ke kira Jarawa, don su ne mazauna gindin dutsen.

Akwai tafkin Lamingo a ƙasan Shere, ruwa garai-garai mai jan hankalin wanda ya gaji. A gargaɗi samari tun daga gida: wannan ba kududdufin bayan gari ba ne inda suka koyi iyo. Yana da zurfi da sanyi, kuma daga cikinsa ake ba mutanen Jos ruwan sha. A tsaya bakinsa a huta, ban da shiga.

Abin da ya fi wuya duka shi ne juyowa. In azahar ta yi ba a kai ƙwanƙoli ba, shugaban ayari ya ce a koma, ko da ana hangensa kusa, ko da samari sun yi gunaguni. Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, a lokacin ne kuma ƙafa ta gaji, ruwa ya ƙare, duhu na zuwa. Kafin a tashi a ƙidaya mutane a rubuta sunayensu, a sāke ƙidaya su a bakin tafki, da kan dutse, da bayan an sauko, a bar kwafin sunayen a hannun wani a gari tare da lokacin da ake sa ran komowarsu.