Gardama a Kan Amsa: Yadda Ɗalibai Ke Koyar da Juna Lissafi da Fiziks

 

Akwai wata tambaya da ta saba raba aji gida biyu. Tirela maƙare da siminti ta yi taho-mu-gama da a-daidaita-sahu. A daidai lokacin karon, wanne ne ya danna ɗan'uwansa da ƙarfi mafi yawa? Galibin ɗalibai tirela za su ce, kuma da hujjarsu, don duk wanda ya taɓa ganin irin wannan haɗari ya san wanda ake kwasa a matsayin tarkace. Amma dokar Newton ta uku cewa ta yi ƙarfin daidai yake: yadda tirela ta danna a-daidaita, haka a-daidaita ya danna tirela, ba ragi ba ƙari. Bambancin ɓarnar daga nauyi ya taso. Ƙarfin da zai juya gudun ƙaramin abu farat ɗaya, in ya faɗa wa abu mai nauyin tan talatin sai dai ya ɗan rage masa gudu. Yaran da suka ce tirela sun haddace wannan doka, in aka ce su kawo ta za su zubo ta ba gargada. Zuciyarsu ce dai ba ta yarda da ita ba.

Irin wannan tambaya ce ta tayar wa Farfesa Eric Mazur na Jami'ar Harvard hankali a 1990. Ya karanta aikin David Hestenes da abokan aikinsa na Jami'ar Jihar Arizona, waɗanda suka tsara tambayoyin fiziks da babu dogon lissafi a cikinsu, fahimta kawai suke gwadawa, suka kuma nuna cewa ɗalibai na gama kwas guda cur ba tare da tunaninsu game da motsi ya sauya ba. Mazur ya ɗauka wannan matsalar wasu makarantu ce, ba ta Harvard ba. Da ya gwada ɗalibansa, sai ga su suna tuntuɓe a inda kowa ke tuntuɓe. Wata ɗaliba ma ta tambaye shi ko ta amsa yadda ya koyar da su, ko kuwa yadda ita take ganin abubuwa a rayuwa.

Ya tsaya a gaban allo ya yi bayanin karon babbar mota da ƙarama filla-filla, ya juyo ya ga fuskoki na nan a ruɗe. Da dabara ta ƙare masa, sai ya ce kowa ya juya ya tattauna da na kusa da shi. Aji ya kaure da surutu, kuma cikin 'yan mintoci abin da farfesa ya kasa fahimtar da su, sun fahimtar da juna.

Dalilin da Mazur ya bayar shi ne ƙashin bayan wannan lacca. Ɗalibin da ya gane abu ɗazu-ɗazu bai manta inda ya maƙale ba, saboda haka ya san daidai inda abokinsa ya maƙale. Malami kuwa ya wuce wurin shekaru ashirin da suka gabata, har ya manta akwai rami a wurin. Daga 1991 Mazur ya sauya tsarin ajinsa: ya jefo tambaya, kowa ya yi tunani shi kaɗai ya zaɓi amsa, sannan ya nemi wanda amsarsu ta bambanta ya yi ƙoƙarin shawo kansa, a sake zaɓe, sai malami ya rufe da bayani. A 1997 ya fitar da littafi a kan tsarin. Shekara guda bayan haka Richard Hake ya tattara sakamakon kwasa-kwasan fiziks 62 na sikandire da kwaleji da jami'a, ɗalibai sama da 6,000. Inda malami ke magana ɗalibai na rubutu, sun cike kusan kashi 23 cikin ɗari na giɓin fahimtar da suka shigo da shi. Inda ake sa ɗalibai aiki da tattaunawa a cikin aji, sun cike kusan kashi 48.

Malamin da ya daɗe a aji zai ce, ai wannan kwafe ne kawai: mai ƙoƙari ya faɗi amsa, saura su bi shi yuu. Zargin ba na banza ba ne, kuma an gwada shi. A 2009 Michelle Smith da abokan aikinta na Jami'ar Colorado sun buga bincike a mujallar Science. Bayan ɗalibai sun tattauna tambaya, sai a ba su wata mai kama da ita, kowa ya amsa shi kaɗai, ba a kuma faɗa musu amsar ta farko ba. Suka fi yin daidai a ta biyun, har a rukunonin da tun farko babu ko mutum ɗaya da ya san amsa. A ajin ilimin gadon halitta aka yi gwajin, ba fiziks ba, amma abin da ya nuna ya shafi kowane fanni: gardamar ita kanta tana koyarwa.

A ɓangaren lissafi, labarin Uri Treisman ya fi taɓa zuciya. Yana ɗalibin digiri na uku a Berkeley ta Kalifoniya a 1975, ya lura ɗalibai baƙaƙen fata na faɗuwa kwas ɗin kalkulas na shekarar farko, 'yan asalin Sin kuwa na cinyewa. Malamai suka kawo dalilan da aka saba ji: talauci, rashin kyakkyawan tushe, rashin himma, rashin goyon bayan iyaye. Treisman bai tsaya nan ba. Ya zaɓi ɗalibai 20 daga kowane ɓangare, ya bi su ɗakunan kwanansu yana kallon yadda suke karatu. Ya tarar waɗancan dalilai ba su riƙe ruwa ba. Ɗalibai baƙaƙen fata masu himma ne, wasunsu su ne zakarun makarantun da suka fito, amma kusan dukkansu su kaɗai suke karatu. In mutum ya maƙale a tambaya sai ya ɓata awa guda yana neman kuskure a lissafinsa, bai san cewa tambayar ce mai wuya, kowa ta ba shi wahala ba. 'Yan Sin kuwa kowa ya fara aikinsa shi kaɗai, da yamma su haɗu su ci abinci, su duba aikin juna, su yi wa juna gyara, su san inda kowa ya tsaya.

Abin da ya gina a 1978 ya cancanci a kula da shi. Bai buɗe ajin gyara na raunana ba. Ya tara ɗaliban a ƙananan rukunoni, ya ba su tambayoyin da suka fi na aji wuya, ya gabatar da shirin a matsayin na zaɓaɓɓu. Faɗuwa ta ragu ƙwarai, jami'o'i da dama a Amurka suka ɗauki tsarin. Wuyar tambayar ba ƙawa ba ce: in tambaya mai sauƙi ce babu abin da zai sa mutum ya nemi ɗan'uwansa, sai dai don ya kwafa.

Hangari ta daɗe da irin wannan a matakin sikandire. A 1894 wani malamin makaranta a garin Győr, Dániel Arany, ya kafa mujallar lissafi ta 'yan sikandire, wadda yau aka sani da KöMaL. Duk wata a buga tambayoyi, yara daga ko'ina su aiko da amsa, a buga mafi kyau da sunan mai ita. Ta shafukanta Paul Erdős da Pál Turán suka san sunan juna kafin su haɗu. Da irin waɗannan yara suka shiga jami'a a Budapest, sai suka riƙa haɗuwa a lambun shaƙatawa na birnin suna jefa wa juna tambayoyi. A 1933 wata daga cikinsu, Esther Klein, ta kawo tata: a ɗiga ɗigo biyar a takarda yadda aka ga dama, muddin babu uku a kan layi ɗaya, dole a sami huɗu da in aka haɗa su za su ba da siffa mai kusurwa huɗu wadda babu kusurwar da ta lotsa ciki. Kowane ɗan aji huɗu zai iya gwada wannan a bayan littafinsa yau. Erdős da George Szekeres suka faɗaɗa tambayar a wata maƙala ta 1935 da masana ke ambato har gobe. Szekeres ya auri Esther a 1937.

A nan gida ba baƙon abu ba ne. A tsangaya gardi ne ke biya wa ƙolo allonsa, a makarantar zaure kuwa ɗalibai kan zauna muraja'a bayan malam ya tashi. Da Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, na kwana ta yi su, kuma duk wanda ya yi makarantar kwana ya san rabin abin da ya iya a firef ya koye shi, daga bakin na kusa da shi. Yau ma ana gab da WAEC ko NECO za a ga 'yan aji shida a gindin bishiya ko a shagon wani yayansu, da littafin tambayoyin shekarun baya da ya sha jiki.

Matsalar ita ce me ake yi a zaman. Jarrabawar JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Wannan matsi ne ke sa zaman ya koma haddar dabara: in ka ga kaza, ninka da kaza. A ɗauki misali. Direba ya yi tafiyar kilomita 120 da gudun 60 a awa, ya dawo da gudun 40. Nawa ne matsakaicin gudunsa? Mai sauri zai haɗa 60 da 40 ya raba biyu, ya ce 50. Wani ya ce 48. Idan mai 48 ya ce kawai haka littafi ya rubuta, an tashi a tutar babu, don ranar jarrabawa in aka sauya lambobin, mai 50 zai koma ruwa. Idan kuwa aka tsare shi ya yi bayani, zai ce zuwa ya ci awa biyu, dawowa ta ci uku, kilomita 240 ke nan cikin awa biyar, kuma tunda direban ya fi daɗewa yana tafiya a hankali, dole amsar ta karkata wajen 40. Wanda ya ji wannan ya koyi abin da zai yi masa aiki a tambayoyi goma. Wanda ya yi bayanin ya ma fi shi ƙaruwa, don sai da ya buɗe baki ya gane ko ya iya ko bai iya ba.

Saboda haka miƙa wa aboki littafi ya kwafe aikin gida ba taimako ba ne, cutarwa ce, komai kyan niyya. Zaman da ke da amfani kowa ya zo masa ne bayan ya fafata da tambayar shi kaɗai, ko da bai kai gaci ba. Mutum uku zuwa biyar sun isa. In suka kai goma, ɗaya ya zama malami saura 'yan kallo, an koma gidan jiya. Alli ya riƙa zagayawa, har ya kai hannun wanda ya fi kowa shiru. Kuma malami bai fita daga lissafin ba. Yara biyar na iya haɗuwa su tabbatar wa juna kuskure, shi ya sa a tsarin Mazur malami ne ke zaɓen tambaya, shi ne kuma ke rufewa.

Akwai waɗanda wannan ni'ima ke wucewa ta gefensu, kuma 'yan mata ne da ke makarantun jeka-ka-dawo. Namiji na iya fita bayan isha'i ya tarar da abokansa. Yarinya in an tashi daga makaranta aikin gida na jiranta, kuma iyaye da gaskiyarsu in suka hana ta fitar dare. Sai ta zauna ita kaɗai da littafi, daidai halin da Treisman ya tarar da ɗalibansa a ciki, tana ɗora wa kanta laifin wuyar da kowa ke sha. Maganin yana hannun shugabannin makarantu da ƙungiyar iyaye da malamai: a bar aji ɗaya a buɗe na awa guda bayan tashi, kwana biyu a mako, da allo da alli da malama guda mai zagayawa tsakanin rukunoni. Tambayoyin kuma kada a ɗebo su duka daga na JAMB masu zaɓi huɗu. A haɗa da dogayen tambayoyin WAEC da na IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, waɗanda dole sai an nuna aiki mataki-mataki, a kuma nemi na gasar lissafi daga Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja domin rukunin da ya gama da wuri.