Laima: Daga Kan Sarki Zuwa Bakin Titin Jimeta



Sunan laima kansa baƙo ne. Daga Larabci ya zo, "al-khaima", wato tanti, ya ratso Sahara tare da fatake da malamai har ya zauna a bakinmu. Da ya zauna kuma sai muka ba shi aiki har a daji: tsiron nan da ke ɓullowa a juji bayan ruwan sama, laimar kwaɗi muke ce masa.

A ƙasashen Asiya, inda laima ta daɗe da daraja, tun asali alamar mulki ce kafin ta zama kayan ruwa. A shekarar 1980 an tono keken doki na tagulla kusa da kabarin sarkin Sin na farko, Qin Shi Huang, a yankin Xi'an, tare da laimarsa, shekara sama da dubu biyu a binne. A Tailan har gobe farar laima mai hawa tara ta sarki ce shi kaɗai. Mu ma a Afirka ta Yamma ba a bar mu a baya ba. Ibn Battuta, da ya ziyarci Mali a 1352, ya ga ana riƙa wa Mansa Sulaiman laimar siliki da tsuntsun zinariya a ƙololuwarta. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada a nan Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, ya san abin da nake nufi. Ranar hawan Sallah, tun kafin ka hango fuskar Lamiɗo, laimar ce za ka fara gani tana juyawa sama da rawuna da ƙurar dawaki, sai ka ji mutane na cewa ga shi nan tafe.

To amma akwai wata laimar da ta fi damuna. Ku fita bakin titi da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafin Yola ke haura digiri 40. Ga yarinya mai POS zaune ƙarƙashin laimar da rana ta kore wa launi, an kafa sandarta cikin tsohuwar taya da aka cika da siminti. Wayoyin laimar biyu sun karye, an ɗaure da leda. Inuwa na matsawa, tana jan kujerarta tana binta. Wannan laimar ita ce shagonta, ita ce rufinta, kuma guguwar farkon damina ɗaya ta isa ta raba ta da ita. Haka mai gyaran takalmi, haka mai sayar da mangwaro.

Alhazanmu sun ga yadda ake yi idan an ɗauki inuwa da muhimmanci. A harabar Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Madina, an kafa manyan laimomi 250 da ke buɗewa da safe su naɗe da yamma. Sun kuma ga abin da zafi ke yi: a Hajjin 2024 sama da mutum 1,300 suka rasu, akasarinsu saboda rana. Duk da haka samarinmu na jin kunyar riƙe laima, wai aikin mata ne. Rana ba ta tambayar namiji ko mace.

Ba mu da kuɗin Madina, amma muna da darbejiya, wadda daga Indiya aka kawo mana ita, ta karɓi ƙasarmu hannu bibbiyu. Sai dai muna sare ta domin gawayi da faɗaɗa shago, mu bar masu sana'a da ƙyallen laima. Kada unguwarmu ta zama inuwar giginya, na nesa ka sha.

Roƙona ga masu unguwa, shugabannin kasuwa da na tasha, da ƙaramar hukumar Yola ta Arewa: kafin damina ta wuce, a dasa itace a ƙofar kowane masallaci da makaranta, a kuma sa wanda zai ba shi ruwa har ya kama.